Yadda mai son barin giya zai sami abokan tafiya a Katsina da Daura ba tare da asirinsa ya tonu ba

Mutumin da giya ta kama a Katsina ko a Daura kaya biyu yake ɗauke da su: jarabar kanta, da wahalar ɓoye ta. Tun shekarar 2000 da jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, shan barasa laifi ne ga Musulmi a gaban doka, kuma haddinsa a mazhabar Malikiyya da muke bi bulala tamanin ne. Amma duk wanda ya san garuruwan nan ya san abin da ya fi bulala tsorata mashayi, wato ranar da za a ce a majalisar unguwa ɗan gidan wane yana sha, maganar da take iya rusa neman aure, ta raba mutum da ubangidansa a kasuwa, ta sa mahaifiya ta kasa ɗaga kai a gidan suna. Shi ya sa yake sha a ɓoye, ya tauna kanumfari kafin ya shiga gida, idan ya je masallaci ya tsaya a sahun ƙarshe kusa da ƙofa don kada na gefensa ya ji wari.

A lokacin da yake sha yana da mutane. Akwai wanda ya san inda ake samu, akwai wanda zai kira shi bayan isha'i, akwai mai babur da ya saba kai shi ya dawo da shi. Ranar da ya ƙudurta zai bari kuwa, sai ya waiga ya ga ba kowa, domin abokan shan ba za su taya shi bari ba, mutanen kirki kuma ba su san yana sha ba balle su taya shi. Wannan kaɗaici ne yake mayar da mutane da yawa ruwa bayan sun yi rantsuwa da hawaye, kuma shi ne zaman taimakon juna yake magancewa.

Zaman taimakon juna taro ne na mutanen da suka sha fama da jarabar giya, suke haɗuwa a kai a kai, kowa ya faɗi halin da yake ciki, a saurare shi ba tare da zagi ko wa'azin ƙasƙanci ba. Mafi shahara a duniya ita ce ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa AA. Ta samo asali a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, inda wani ɗan kasuwar hannun jari, Bill Wilson, da wani likitan tiyata, Bob Smith, dukkansu mashaya, suka gano cewa idan ɗayansu ya yi wa ɗayan magana tsakani da Allah, sha'awar shan takan lafa. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, wato mutum ya kasance yana son daina sha, kuma ba a biyan kuɗin rajista. Wani babban nazari da Cochrane, cibiyar da take tattarawa da tace binciken lafiya, ta fitar a 2020, wanda ya tattara bincike 27 da mutane fiye da 10,000, ya nuna tsare-tsaren da suke shigar da mutum AA sun yi kafaɗa da kafaɗa da hanyoyin nasiha na asibiti, a wajen daina sha gaba ɗaya ma sun ɗara su.

A Nijeriya an fi samun irin wannan zama a manyan birane kamar Legas da Abuja. Mutumin Ƙofar Ƙaura ko na kusa da rijiyar Kusugu kada ya sa ran ganin allo a bakin titi yana nuna masa hanya; zai isa gare shi ne ta wasu ƙofofi, kuma akwai wadda dole ya fara bi.

Mataki na farko: ka ga likita kafin ka yanke sha

Na sa wannan a gaba ne saboda a nan ake rasa rai. Wanda ya daɗe yana sha kullum, jikinsa ya riga ya saba, kuma idan ya yanke farat ɗaya, cikin sa'o'i 6 zuwa 24 zai iya fara karkarwa, gumi, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci. Wasu jijjiga irin ta farfaɗiya takan kama su a cikin kwana biyun farko. Mafi muni shi ne abin da yake zuwa a kwana na biyu zuwa na huɗu: ruɗewa, sambatu, zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, da gane-ganen abubuwan da babu su, kamar ƙwari suna bin bango ko mutane tsaye a ɗaki. A gidajenmu da an ga haka sai a ce iska ce ta taɓa shi, a rufe ɗaki a kira mai ruƙiyya, alhali yanayi ne na gaggawa da yake iya kisa idan ba a kai asibiti ba. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Ka auna kanka da tambayoyi huɗu da likitoci suka daɗe suna amfani da su. Ka taɓa jin ya kamata ka rage sha? Ranka yana ɓaci idan an yi maka maganarsa? Kana jin nadama bayan ka sha? Ka taɓa buƙatar kurɓa da sassafe don jikinka ya daidaita? Amsa e sau biyu ta isa dalilin ganin likita. Ta huɗun ita ce ta fi nauyi: idan ka zauna teburin mai shayi da safe, ka ga sai ka riƙe kofin da hannu biyu don kada ya zube, kuma ka san kurɓa ɗaya ta ƴar leda za ta tsayar da hannun, to kai ba mai yankewa a gida shi kaɗai ba ne.

Ka yanki kati kamar kowane majinyaci, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda har yanzu mutane da yawa suke kira FMC, ko a babban asibitin garinku. Ba sai ka gaya wa mai yankar kati abin da ya kawo ka ba. Idan ka shiga wurin likita, ka rufe ƙofa ka faɗi magana a miƙe: “Likita, ina shan giya kusan kullum, shekara kaza ke nan, ina son in bari, amma idan ban sha ba jikina yana rawa.” Ka faɗi adadin gaskiya, ka faɗi irin abin da kake sha, kwalba ce, ta leda ce, burukutu ce, ka kuma faɗi idan kana haɗawa da tiramadol, kodin ko ƙwayoyin barci, domin da wannan bayani ne zai auna maganin da zai ba ka. Akan yi amfani da magunguna irin su dayazefam na ƴan kwanaki a ƙarƙashin kulawa, tare da sinadarin bitamin B1 da yake kare ƙwaƙwalwa. Kada ka sayi dayazefam a kemis ka yi wa kanka magani. Haɗa shi da giya yana iya tsayar da numfashi, shi kansa kuma yana kama mutum. Idan ana buƙatar kwantarwa, ana tura majinyata asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato.

Game da tsoron tonon asiri, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrin majinyaci. Duk da haka gari ƙarami ne, kuma mai yiwuwa nas ɗin da ke bakin ƙofa ƴar unguwarku ce. Idan wannan ne yake hana ka motsi, ka canza gari: mutumin Daura ya zo Katsina, tafiyar kusan kilomita 80 ce, mutumin Katsina ya tafi Kano. Kuɗin mota ya fi sauƙi a kan shekara guda ta jinkiri.

Mataki na biyu: ka tambaya a inda masu irin matsalarka suke bi

Kafin ka tashi daga gaban likitan, ka yi masa tambayar da ta kawo mu: “Akwai zaman rukuni na masu barin shaye-shaye a nan, ko kun san inda ake yi?” Idan bai sani ba, ka nemi ya haɗa ka da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ka maimaita tambayar ga nas ɗin sashen, da masanin halayyar ɗan Adam, da jami'in walwalar jama'a na asibitin. A ganina waɗannan ukun sun fi babban likita sanin abin da yake gudana, domin su ne suke zama da majinyata bayan an sallame su, su ne kuma suka san wanda ya yi shekara biyu bai sha ba kuma yake shirye ya yi magana da sabon zuwa. Ka ba su izinin ba wa irin wannan mutum lambarka. Sau da yawa taron farko da mutum yake samu bai wuce wannan ba: mutum ɗaya a waya wanda ya riga shi bin hanyar.

Ƙofa ta gaba ita ce NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989. Sunanta kawai yana sa gaban mutane faɗuwa, amma ban da kame, tana da sashen nasiha da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi, kuma giya ba ta cikin kayan da dokarta ta haramta. Tun 2022 tana da layin waya na kyauta, 0800 1020 3040, da yake aiki dare da rana. Ka kira daga inda ba mai jin ka, ka ce daga jihar Katsina kake, kana neman mai ba da shawara da kuma zaman rukuni mafi kusa. Idan ka je ofishin, kada ka je da komai na maye a aljihu.

Akwai kuma malami ko limamin da ka yarda da amanarsa, ko fasto ga ƴan'uwa Kiristoci. Ka zaɓa da natsuwa. Wanda ka taɓa ji ya kawo sirrin wani a cikin wa'azi, ko da bai kama suna ba, ka tsallake shi.

Mataki na uku: tarukan intanet

Ga wanda yake jin Turanci, wannan ita ce hanya mafi sauri, yau ma zai iya shiga. Shafin aa-intergroup.org yana ɗauke da jerin tarukan AA da ake yi ta intanet daga ƙasashe daban-daban, kusan kowace sa'a, mafi yawansu ta manhajar Zoom. A jerin za ka ga an rubuta Open a gaban wasu, wato kowa yana iya halarta har da dangi, wasu kuma Closed, wato na masu son daina sha ne kaɗai. Akwai na mata zalla, abin da yake da muhimmanci a wurinmu, domin macen da wannan jaraba ta kama ɓoyonta ya ninka na namiji. Akwai kuma SMART Recovery, da aka kafa a 1994, wadda ta dogara da dabarun sarrafa tunani da sha'awa, da Millati Islami, da Musulmi suka kafa a Baltimo ta Amurka a 1989 suka daidaita matakai goma sha biyu na barin sha da AA take bi da koyarwar Musulunci.

Kafin ka shiga, ka canza sunan da yake bayyana a Zoom zuwa suna ɗaya ko laƙabi, ka kashe kyamara, wanda hakan ma yana rage cin data, ka sa abin saurare a kunne. Ka lura da bambancin lokaci: Ingila daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana bayanmu da awa ɗaya, gabashin Amurka kuma yana bayanmu da awa biyar ko shida. Shawarata ita ce ka nemi taron da ya faɗo daidai lokacin da ka saba fita sha. Idan ƙarfe tara na dare ne babur yake tsayawa a ƙofar gida, to ƙarfe tara ta same ka da abu a kunne.

Yadda za ka gane wurin da ya dace

Zaman taimakon juna na gaskiya da ƙafarka kake zuwa, da ƙafarka kake fita. Ba a neman cikakken sunanka ko hotonka, ba a yanka maka kuɗi, sai dai a zagaya da ɗan abin tara gudummawa wanda ya ga dama ya sa. Ba a yi maka alkawarin warkewa cikin kwana bakwai, ba a sayar maka da wani jiƙo, ba a kuma ce ka watsar da maganin likita.

Dole in tsaya a kan gidajen mari, domin iyaye da yawa idan sun rasa yadda za su yi, can suke nufa da zuciya ɗaya. A watan Oktoban 2019 ƴan sanda sun shiga irin waɗannan gidaje a Daura da cikin birnin Katsina, suka fito da mutane da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Ban da cin zarafi, akwai haɗarin da na ambata a sama: a ɗaure wanda jikinsa ya saba da giya a ɗaki babu likita, a daidai kwanakin da jijjiga da ruɗewa suke zuwa. Duk wurin da za a hana dangi ganin mutum, ko a ce sai an “karya” shi kafin ya shiryu, a nisance shi.

Ranar farko

Yawancin taruka awa ɗaya ne. Mai jagorantar zaman, wanda shi ma mai murmurewa ne kamar kowa, zai buɗe da ɗan karatu, ya tambaya ko akwai sabon zuwa. Kana iya faɗin suna ɗaya, kana iya cewa yau sauraro kawai ka zo yi, kuma ba wanda zai matsa maka. Daga nan mutane za su yi magana ɗaya bayan ɗaya, kowa a kan kansa, ba mai katse wani, ba mai gyara wa wani zance. Abin da yakan girgiza sabon zuwa shi ne ya ji wani da bai taɓa gani ba yana ba da labarin inda yake ɓoye kwalba, da ƙaryar da yake yi wa matarsa, da kuɗin cefanen da ya taɓa, kamar yana karanta masa zuciya. Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Ka halarci biyar ko shida, a rukuni daban-daban idan da hali. Bayan ƴan makonni ka nemi wanda ya daɗe bai sha ba kuma maganarsa ta kwanta maka, ka roƙe shi ya zama mai riƙe da hannunka, wanda za ka kira kafin ka kurɓa. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Ka tuna kuma cewa sirrin taro alkawari ne tsakanin mutane, doka ba ta tsare shi kamar na likita, don haka sunayen mutane da wurin aikinka ka bar su a cikinka.

Musulmi da yawa sukan yi turus idan suka ji matakai goma sha biyu na AA suna maganar miƙa lamari ga “Ubangiji kamar yadda muka fahimce Shi”, ko suka ji wani rukuni ya rufe da addu'ar Kirista. AA ba ta bin wani addini ko ɗariƙa, ba kuma a tilasta wa kowa furta komai. Kai Allah ka sani, Shi za ka nufa, idan ana addu'ar da ba taka ba ka yi shiru ka yi taka. Wanda ya duba matakan da kyau zai ga abubuwan da ya sani a babin tuba: amsa laifi, yi wa kai hisabi, mayar da haƙƙin waɗanda aka zalunta. Ga wanda yake ganin ya yi nisan da ba zai dawo ba, Bukhari ya ruwaito labarin mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, har wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa.

Idan babu, ku fara da mutum biyu ko uku

Wanda ba ya jin Turanci, ko ya gaji da magana da waya yana son ganin fuska, yana iya kafa zama da kansa, kuma ƙa'idar AA ta yarda cewa mutum biyu ko uku da suka haɗu don barin sha sun isa rukuni. Hanya mafi aminci ita ce ta hannun ma'aikacin asibiti ko mai nasihar da ka riga ka sani: shi zai tuntuɓi wasu majinyata ɗaya bayan ɗaya, da yardarsu, ya kuma taimaka a sami ɗaki a harabar asibiti, inda shigar mutum ba ta jawo tambaya. Majalisar ƙofar gida ba ta dace ba, ɗakin wani a cikin iyalinsa ma haka.

Ku tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya a mako, ku riƙe shi ko mutum biyu ne suka zo. Ku amince tun farko cewa abin da aka faɗa a ɗakin ya mutu a ɗakin, waya tana aljihu, babu ɗaukar murya ko hoto. Idan za ku buɗe rukunin WhatsApp, ku sa masa sunan da ba zai nuna komai ba, domin yara da mata suna ɗaukar waya. Ku hana rance tsakaninku, ku hana gardamar siyasa da ta Izala da Ɗariƙa, waɗannan ukun sun isa su watsa kowane zama a ƙasar Hausa. Jagoranci ya riƙa zagayawa don kada wani ya zama ubangida. Idan wani ya zo a buge, ku bar shi ya zauna ya saurara muddin bai tayar da hankali ba, ku yi magana da shi bayan an tashi, kada kuma ku bari ya hau babur da kansa. Rukuni ba asibiti ba ne: duk wanda kuka ga yana karkarwa sosai, ko yana sambatu, ko yana maganar kashe kansa, ku raka shi sashen gaggawa a lokacin.

Mata da iyaye da suke karanta wannan saboda wani nasu, akwai Al-Anon, da aka kafa a 1951 domin dangin mashaya, ita ma tana da tarukan intanet. Za ku iya raka shi asibiti, ku biya kuɗin mota, ku ba shi awa ɗayar taronsa ba tare da tambayar me aka ce ba. Amma ku daina biya masa bashin giya da yi masa ƙarya a wurin aiki.

Komawa sha bayan makonni ko watanni abu ne da yake faruwa ga mutane da yawa, kuma lokutan haɗari sanannu ne: ranar albashi, bikin aboki, bayan sallar azumi, ranar da aka yi faɗa a gida. Idan ta faru, kunya za ta ce maka kada ka koma sai ka gyaru. Ka kira mai riƙe da hannunka a daren, ka halarci zama na gaba, ka faɗi abin da ya faru da abin da ya gabace shi. Idan shan ya ɗauki kwanaki a jere, ka koma wurin likita kafin ka sake yankewa, ka kuma tambaye shi game da magungunan rage sha'awar giya irin su naltirezon, ko sun dace da lafiyar hantarka.